Mawaƙan Ɗaki a Damargu: Wa Zai Faɗa Musu Gaskiya?

Duk wanda ya zauna a tashar Tanut ko a bakin kasuwar Belbeji ya saurari abin da ke fitowa daga salular samari, zai ji cewa tsakanin waƙoƙin Kano da gitar Abzin akwai wasu muryoyi da bai sani ba, waɗanda ba su taɓa shiga wani studiyo ba. Muryoyin ƴaƴanmu ne. A cikin ɗakunan iyayensu suka ɗauki waƙar, wani da salula kawai, wani da tsohuwar kwamfutar da yayansa ya aiko daga Libiya, sannan suka watsa ta ta hanyar Bluetooth da WhatsApp daga Gangara har Bakin Birji. Abin da za mu faɗa ba zai yi wa wasu daɗi ba, amma gaskiya ɗaya ce: mafi yawan waɗannan waƙoƙi ba sa sauraruwa. Kiɗa ya danne murya, muryar ta fashe kamar tsohon kalangu, baiti na biyu maimaicin na farko ne, ga ƙugin injin wutar maƙwabci yana amshi daga baya. Yaran ba su rasa baiwa ba. Mutum ɗaya suka rasa, wanda zai saurara tsakani da Allah, ya ce: ɗana, nan ka yi kyau, nan kuma ka ɓata.

Mai karatu na iya cewa, ina ruwan jaridar siyasa da kiɗan yara, alhali ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro? Amsa ita ce, saurayin da ya kwana yana gyaran baiti shi ne dai saurayin da gobe, in ya fid da rai, zai hau mota ya yi arewa ta hanyar Agadas. Sana'a ce yake nema, ko da iyayensa suna ganin shashanci ne. Bayan haka, ƙasar da ba a iya gaya wa yaro ɗan shekara ashirin cewa waƙarsa na da aibi, ba a can ne za a iya gaya wa minista cewa aikinsa na da aibi ba. Cutar ɗaya ce, a ƙananan wurare take fara nuna kanta.

A da, babu mawaƙin da ke faɗowa daga sama. Yaro kan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya shekara yana bin maigidansa, sannan a bar shi ya shiga cikin ƴan amshi, inda kuskuren gaɓa ɗaya kan jawo masa harara a gaban jama'a da faɗa in an koma masauki. Haka makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram suka riƙe mutanensu, haka makaɗan noma da na kokowa a ƙauyukanmu. Dandali ma alƙali ne wanda ba ya karɓar toshiyar baki: in kiɗa bai yi ba, ƴan mata su daina rawa, masu kari su mai da hannu aljihu, makaɗi ya koma gida ya san abin da ya same shi ba tare da kowa ya yi masa bayani ba. Ku dubi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, nan cikin jaharmu, wanda ya rasu a 2018. Malamin lakwal ne, kuma ya riga ya yi suna da gurmi a Nijar da Najeriya, amma a 2002 ya tattara ya tafi bakin tafkin Cadi ya durƙusa gaban tsoho Bukar Tar domin ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma mai tsirkiya biyar da ke gab da ɓacewa. Mutumin da duniya ta riga ta tafa wa ya koma almajiri, ya yarda a ce masa bai iya ba tukuna.

Yaron yau shi kaɗai ne a ɗaki, shi ne mawaƙi, shi ne makaɗi, shi ne mai ɗauka, shi ne kuma alƙalin kansa. In ya gama sai ya aika wa abokai, su kuwa su maido masa da “Masha Allah” da hoton babban yatsa, wasunsu ba su ma buɗe waƙar ba. Ba mugunta ce ta sa su haka ba, kara ce da kunya, waɗanda muke alfahari da su, kuma suna da wurinsu. Amma a nan sun zama guba. Wanda ya yi ƙarfin hali ya ce akwai gyara, nan take a kira shi ɗan hassada, har a daina gaisawa da shi. Mun manta da maganar magabata cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sakamakon shi ne yaro ya yi waƙa goma, ta goman tana ɗauke da aibin ta farko, domin tun daga farko babu wanda ya nuna masa shi.

Abin takaicin shi ne yawancin aibin nan ba na kuɗi ba ne. Mu ɗauki ɗakin kansa. Samari sun fi son ɗakin siminti mai rufin kwano, wai shi ne na zamani, alhali shi ne mafi muni ga ɗaukar murya: sauti na bugun bango mai santsi ya dawo cikin makirfo, sai a ji mutum kamar yana waƙa a cikin rijiya. Ɗakin ƙasa irin na kakanninmu, mai kaurin bango da rufin itace, cike da tabarmi da katifa da tufafi a rataye, ya fi shi nesa ba kusa ba, domin yana shanye amsa-kuwwa kuma yana tare hayaniyar waje. Wanda ba shi da irinsa, bargo biyu a rataye, ɗaya a bayansa ɗaya a gefe, sun isa su canza waƙar. Sai kuma nisa. In baki ya yi nesa da makirfo, ɗakin ake ɗauka, ba mawaƙin ba; in ya manne masa, kowane “b” da “f” sai ya buga kamar an harba bindiga. Taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, da ƙyallen safa da aka ɗaura a zoben waya a tsakani, ya magance wannan. Akwai kuma alamar nan da ke tashi tana sauka a fuskar na'ura. Yara na ganin in ta kai ja, waƙar ta yi ƙarfi ke nan. Ja na nufin sautin ya fi ƙarfin abin da na'ura ke iya ɗauka, an yanke masa kai, kuma abin da ya fashe a wurin ɗauka da wuya a iya ɗinke shi daga baya. Murya mai rauni ana iya ƙara mata ƙarfi. Ga mu kuma a ƙasar iska: mai son ɗauka a waje cikin hunturu sai ya ba iska baya, ya lulluɓe makirfo, ko ya jira dare ya raba, lokacin da babura da injinan niƙa suka yi shiru.

Ko bayan an ɗauka da kyau, ana ɓata aikin wajen aikawa. Saƙon murya na WhatsApp an yi shi ne domin magana, yana matse sauti ya zubar da abin da yake ganin bai zama dole ba, ciki har da zaƙin gurmi da zurfin ganga. Mai neman a saurari aikinsa ya aika shi a matsayin takarda, yadda zai isa kamar yadda ya bar hannunsa. Kafin ma ya aika, ya kamata ya kwana a kansa, domin kunnen da ya ji waƙa sau hamsin a yini ɗaya ya zama kurma gare ta. Da safe ya saurare ta a ƙaramar lasifikar salula, inda mafi yawan mutanen Damargu za su ji ta, ya saurare ta a rediyon mai shayi, ya roƙi direba ya sa ta a mota. Sannan ya jera ta da wata waƙar da yake girmamawa, ya ji ta wancan, ya ji tasa, a ƙarfi ɗaya. Wannan gwaji ba ya cin ko dala, kuma ya fi abokai goma faɗin gaskiya.

Inda muke son mu daɗe kaɗan shi ne batun Auto-Tune, na'urar gyaran murya da wani kamfanin Amurka ya fitar a 1997, wadda ta mamaye studiyoyin Kano, daga can ta ƙetaro mana. Aikinta shi ne ta jawo murya zuwa ga sautin da ya fi kusa cikin tsanin da aka zaɓa mata. In yaro bai san tsanin da waƙarsa ke kai ba, kuma yawancinsu ba su sani ba, na'urar za ta riƙa jan muryarsa zuwa inda bai nufa ba, shi kuwa yana murna wai ya yi kamar ƴan Kano. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti. Kuka na itace da kuka na hawaye, a rubuce ɗaya suke, hawa da saukar murya ne ke raba su. Tsofaffin mawaƙa sun san haka ba tare da sun shiga jami'a ba, shi ya sa karin waƙarsu ke tafiya tare da karin magana, har kurman ƙauye ya gane abin da ake faɗa. Idan aka ɗauko karin waƙar fim ɗin Indiya aka cusa masa kalmomin Hausa da ƙarfi, sannan aka bi da na'ura aka daddatse lanƙwasar muryar, sai a wayi gari Bahaushe na sauraron Hausa yana tambayar me aka ce. Ba muna cewa a haramta na'urar ba, kayan aiki ce kamar kowane. Amma wanda zai gaya wa yaro cewa kalmarsa ta karye ba injiniya ba ne, tsohuwar da ke daka a gidansu ma ta isa, in an tambaye ta.

Tambayar ma sai an iya ta. Wanda ya miƙa waƙa ya ce “yaya ka ji?” ya riga ya roƙi yabo, kuma yabo zai samu. Ya tambayi abin da ke da amsa: wace kalma ce ba ka ji ba? A ina hankalinka ya bar waƙar? Wane baiti ka riƙe bayan ta ƙare? Ya kai wa mutum uku da ba su san juna ba, kuma ba su da abin da za su ci ko su rasa a wurinsa. Abin da biyu suka haɗu a kai, to akwai shi. Mai ba da shawara shi ma da nasa ladabin. Ba a tsakiyar majalisa ake kwance wa yaro zani ba, kuma ba a zuba masa aibi goma a zama ɗaya. A faɗi abin da ya yi kyau, domin ya san abin da zai riƙe, a nuna masa aibi ɗaya ko biyu da wurin da suke, a bar shi ya je ya sake. Cewa “waƙar ba ta yi ba” zagi ne kawai. Cewa “daga minti na biyu ganga ta rufe muryarka” aiki ne aka ba shi.

Mun san hujjar da za a kawo mana, domin samarin sun haddace ta. Za su ce Mdou Moctar fa? Ba da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko ba? Ba a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cike da Auto-Tune ɗin nan da muke kuka da shi ba? Haka ne. Waƙoƙin sun bi katin salula sun zagaye Sahara, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci ɗaya ya sa ta cikin tarin waƙoƙin salular Sahara da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, kuma a 2021 Mdou Moctar ya fitar da Afrique Victime a wani babban kamfanin Amurka. A 2020 ma kamfanin Sahel Sounds ya riƙa fitar da waƙoƙin da aka ɗauka da salula aka aika ta WhatsApp, wata bayan wata, ya fara da ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya tabbatar da cewa rashin studiyo ba hujja ba ce. Sai dai samarin na karanta rabin labarin. Mutanen nan makaɗan biki ne. Etran de l'Aïr sun yi shekaru fiye da ashirin suna kiɗa a bukukuwan unguwannin Agadas kafin faifansu na farko ya fito a 2018. Dandali ya riga ya tace su, ya zubar da abin da ba ya tashin mutane. Salula ta ɗauki abin da ya nuna ne. Mai waƙar da ba ta taɓa fuskantar mutum ashirin ba, ya sani ba irin tafiyarsu yake yi ba. Mu kuma manya, ya kamata mu ji kunyar cewa kunnen da ya gano waɗannan yara daga Amurka ya zo.

Akwai aibin da ya fi na na'ura girma, shi ne kwaikwayo. Kano kasuwa ce babba, ba mai musun haka, kuma ƴar Maraɗi Fati Nijar ta nuna cewa ɗan ƙasar nan na iya cin kasuwar. Amma Kano ba ta bukatar wanda zai sayar mata da abin da take da shi a kowane lungu. Damargu mahaɗa ce tun zamanin ayari, lokacin da geronta ke ciyar da Abzin: Bahaushe da Buzu da Bafillace da Babarbare a kasuwa ɗaya, tende a wannan zango, kalangu da gurmi a wancan gari, sarewar makiyayi a tsakani. Wannan ce hajar da babu ita a wani wuri, ita ce kuma yaranmu ke jin kunyarta, suna musanya ta da gangar roba ta cikin kwamfuta. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba a kai gishiri Bilma.

To, ina hukuma? A takarda, ba a yi zaman banza ba. An yi bikin matasa na ƙasa tun 1976, farkonsa ma a Damagaram; an kafa gasar Ɗan Gurmu a Tawa a 1987; an buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989; an kafa ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, a 1995. Amma daga Tanut zuwa Yamai ya fi kilomita 1000, zuwa Damagaram ma kusan 150 ne. Belbeji ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, a shekarar da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a ƙasar Olelewa, cikin gundumar Tanut. Wato yaron Damargu ya fi kusa da inda ake tace ganga 20,000 ta mai a yini bisa ga inda za a koya masa riƙon makirfo. Zamanin samariya, duk da aibinsa, yana da alƙalan gasa tun daga matakin ƙauye, kuma ƙungiya ta san za a auna ta. Aibin shi ne ma'aunin: waƙar da ta fi yabon masu mulki da taken ranar ita ke gaba. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai jam'iyyu suka gaji wannan hali, kowace da mawaƙanta, ana biya gwargwadon yawan kirari da zafin zambo. An rusa jam'iyyun a 2025, amma halin bai rushe ba, ubangida kawai yake sauyawa. Mai biyan kuɗin yabo ba ya taɓa cewa murya ta fashe, muddin sunansa ya fito sarai. Shi ne babban mai lalata kunnen ƙasar nan, domin yana koya wa yaro cewa waƙa ba ta bukatar kyau, mai saye kawai take bukata.

A nan sai mu ja kunne, kada wani ma'aikaci mai himma ya karanta wannan ya tashi da shirin kafa kwamiti. Gyara daban, tacewa daban. Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma an ga mawaƙan da suka sha ɗauri ko tara a can saboda abin da suka rera. Ba mu ji an ce hakan ya gyara muryar kowa ba. Mai gyara yana cewa ka sake, ka ƙara kyau. Mai tacewa yana cewa ka yi shiru. Duk ranar da aka ba perefe ko wani jami'i ikon cewa wace waƙa ce ta cancanci a ji, to mun koma gidan jiya.

Abin da ake bukata ƙarami ne, kuma yana hannun masu karanta wannan jarida. Tun da aka buɗe rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, irin waɗannan gidaje sun yaɗu a ƙasar, kuma kowannensu na da ɗaki mai shiru, da makirfo, da ma'aikacin da ya san abin da jan alama ke nufi. Awa ɗaya a mako ta isa: a sa waƙoƙi uku na masu tasowa, da yardarsu, a zaunar da tsohon makaɗi ɗaya, da malamin lakwal mai kunnen harshe, da mai kula da na'ura, kowa ya faɗi abin da ya ji, a buɗe wa masu sauraro layi, bayan wata guda a sake sa waƙar da aka gyara domin jama'a su ji bambanci. Malaman da aka turo aiki Tarka ko Tenhiya, waɗanda ke kukan kaɗaici da yamma, ga abin yi. Alhazan kasuwa kuma, masu liƙa wa maroƙi jika hamsin a daren biki ɗaya domin ya ambaci kakanninsu, su sani makirfo mai dama-dama da abin sauraro na kunne ba su kai kuɗin ragon layya ba. In an saya an ajiye a gidan matasa, da rajistar aro da mai kula da shi, samari da yawa za su ci moriyarsa. Sharaɗi ɗaya ne: mai bayarwa ya haƙura da jin sunansa a cikin waƙar.

Saura batun haƙƙi, wanda ke hana yara da yawa nuna aikinsu kafin ya fita. Tsoronsu shi ne wanda aka ba ya saurara ya sace baitin, ko mai tura waƙoƙi a kasuwa ya sayar da ita ba da saninsu ba, kuma tsoron na da dalili. Mai neman shawara ya ajiye asalin abin da ya ɗauka da kwanan watansa, ya rubuta baitocinsa a littafi, ya ambaci sunansa a cikin waƙar kamar yadda magabata ke yi, ya fara ba mutanen da ya amince da su. In waƙar ta nuna, ya nemi yi mata rajista a BNDA kafin ya sake ta. Wakilan ofishin kuma su tuna cewa hanyar da ta kai su Damagaram ba a can ta ƙare ba, ta wuce har Tanut, kuma ranar kasuwa ɗaya a kowane wata uku ta ishe su su buɗe rajista a ƙarƙashin rumfa.